'Ya'yan Gawo a Gonar Kawu Rabo

Idan ka je Wurma ka tambayi gidan Malam Rabo, za a ce maka wane Rabon, don suna da yawa. Amma in ka ce Rabo na gawo, ko matar da ke jan ruwa a rijiya za ta nuna maka gidan da haɓa. Yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi bayan rasuwarta, har aka yi mini aure aka kawo ni Dutsin-Ma. Gajere ne, baƙi, mai ƙaramar murya da taurin kai na ban mamaki. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai yi fatauci ba, kuma in ban da kasuwar Kurfi da ta Dutsin-Ma ba na jin ya san wani gari, don mota juwa take sa shi. Abin da ya mallaka a duniya gona ce guda a gabashin gari, da itatuwan gawo da ke tsaye cikinta. Waɗannan itatuwan su ne damuwarsa a shekarun nan, domin sun tsufa, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu ƙarami ko ɗaya da ya taso a bayansu.

Wanda bai tashi a karkara ba zai ce to sai me, ba itace ba ne? Gonar Kawu jigawa ce, rairayi zalla, irin wanda in ka zuba masa ruwa kafin ka juya ya shanye. Gawo ne ya sa take ba da hatsi. Shi halinsa daban yake da na sauran itatuwa. Da ruwan farko ya sauka, lokacin da kowa ke fitar da sabon ganye, shi sai ya zubar da nasa ya tsaya tsirara duk damina. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana kuma ta samu hanyar sauka kan shuka. Shi ya sa geron gindin gawo ke fin na sauran gona tsawo da kaurin zangarniya, tun daga bakin hanya kana ganin bambancin. Sai kaka ta wuce, komai ya bushe, sannan zai yi kore shar, ya yi fure, zuma ta taru a kansa, ya yi 'ya'ya lanƙwasassu masu ruwan goro waɗanda dabba ke so kamar me.

Amma gawo ba ya wannan aiki shi kaɗai, yana da abokai, kuma babbarsu saniya ce. Tun zamanin kakanmu akwai wani gidan Fulani da ke sauka a gonar kowace shekara bayan an kwashe amfani. A zamanina Yero ne mai garken, dogo siriri, sa'an Kawu, wanda suka taso tare suna gardama a kan wa ya fi wani wayo. Da an gama ɗaurin gero sai Kawu ya bar kara a gona, ba ya tarawa, ba ya sayarwa, ya aika wa Yero. Shanu su zo su cinye kara da ragowar harawa, su kwana a wurin, bayan 'yan kwanaki a matsar da makwantarsu gaba, har kashinsu ya game ko'ina. Ladan Yero damman gero ne da tuwo daga hannun Inna Tani, matar Kawu, mu kuma yaran gida mu sha nono har ya gundure mu.

Idan bazara ta kama, ciyawa ta ƙare, lokacin ne 'ya'yan gawo ke nuna. Kawu ya ɗauki doguwar gora mai ƙugiya ya yi ta kaɗo su, shanu na rububi a ƙasa, da rana ta take su kwanta a inuwa suna tuƙa. Belbelu na bin ƙafafunsu suna tsintar fara. Buzuzu na mirgina kashin yana binnewa, gara na jan abin da ya rage zuwa cikin ƙasa. Ni a lokacin ƙyamar buzuzu nake. Wata rana na take wani da takalmi, Kawu ya yi mini faɗan da bai yi mini ba ranar da na fasa tulun Inna Tani.

Ya ce, "Ke kika ɗauke shi aiki da za ki sallame shi? Wanga da kike gani ya hi ki aiki gonar ga."

Da ya huce sai ya durƙusa ya ɓare wani busasshen kashin shanu da babban yatsa, ya nuna mini wasu ƙwayoyi masu sheƙi a ciki.

"Na'ima, kin ga ɗiyan gawo. Ɓawonsu tauri gare shi. In sunka hwaɗi ƙasa haka nan, ƙwaro ke huda su shi cinye. Amma in saniya ta haɗiye, cikinta ya tausasa su, ta aje su cikin takinsu, ruwa na sauka sai ki ga sun hito."

Na ce, "To Kawu, wa ya shuka waɗannan manyan?"

"Shanun uban Yero. Mu namu aikin tsallakewa ne."

Tsallakewa doka ce a gonar, kuma da ita aka yaye kowane yaro a gidan. In kana noma ka ga ɗan tsiron gawo cikin ciyawa, mai ganye ƙanana kamar na tsamiya, sai ka ɗaga fartanya ka kewaye shi. Da rani kuma a zagaye shi da ƙaya saboda awaki. Kawu yana iya yafe maka in ka sare gero kunya guda, amma ka sare ɗan gawo, ranar ko tuwo ba za ka ci da daɗi ba. Ba duka suke rayuwa ba, cikin masu yawa ɗaya ko biyu ne ke kai labari, amma hakan ya isa, tunda kowace shekara shanu na kawo wasu.

Sai daji ya lalace. Ba sai na tsaya ba da wannan labarin ba, duk mutumin yankinmu yana da nasa. Ɓarayin shanu suka fara da garken Fulani, suka dawo kan shanun huɗar manoma, har tumaki da awaki ba su bari ba. Wanda dabbarsa ta tsira ya sayar ko ya ɗaure ta a tsakar gida. Zargi ya shiga tsakanin mutanen da suka sha ruwan rijiya ɗaya, har ya zama Bafillace ba ya iya ratsa gari da sandarsa. Wata kaka Kawu ya bar kara kamar yadda ya saba, ya aika, ɗan aike ya dawo ya ce rugar Yero babu kowa sai duwatsun murhu. Karan nan ya tsaya har gara ta cinye shi. Shekara ta zagayo ya sake bari. Inna Tani ta ce ko dai a tara a sayar, ya ce ba nasa ba ne.

A shekarun farko ba a ga komai ba. Daga baya gona ta fara nuna yunwa. Gero ya gajarce, ƙuduji ya bazu, ciyawar nan mai jan fure da ke maƙale wa saiwar hatsi tana tsotse ta, wadda ba ta samun sakewa sai a gajiyayyar ƙasa. Fara ta yi yawa, tunda belbelu sun bi shanu sun tafi. Ya gwada takin zamani shekara guda duk da tsadarsa, gero ya yi kyau a shekarar, da aka sake shuka sai ka ce ba a taɓa zubawa ba. Inda kawai hatsi ke tsayawa da ƙafarsa shi ne gindin gawo, kuma gawon ke ta raguwa. Iskar farkon damina ta kayar da ɗaya, aka tarar cikinsa kogo ne. Wasu masu awaki suka yi ta sassare wa wani rassa har ya bushe a tsaye. Masu gawayi suka raba Kawu da uku a shekarar da tsoro ya hana kowa zuwa gona. Daga bakwai suka koma biyu, kuma rumbun da ke kai gidan wata kaka ya koma ƙarewa tun kafin ruwa ya sauka.

'Ya'yan da biyun ke zubarwa ma ba sa kwana a ƙasa. Matan da aka kashe wa maza ko aka kwashe wa dabbobi suka gano cewa masu kiwon raguna a gari na sayensu buhu-buhu, sai suka riƙa sammako suna tsincewa. Kawu ya tarar da su ya buɗe baki zai yi magana, ya ga ko su wane ne, ya gaishe su ya wuce.

Ba zama ya yi ba, ya gwada iya dabararsa. Ya ɓare ƙwayoyin ya shuka da hannu kamar wake, ya yi ta zarya, ko ɗaya bai leƙo ba. Wani ya gaya masa a kasuwar Kurfi cewa in aka jiƙa su da ruwan zafi suna fitowa. Ya kawo wa Inna Tani, ita kuwa ba ta san wasa da aikin murhu ba, ta ɗora tukunya ta ba su wuta har suka yi laushi.

Ta ce, "Malam, ga su nan sun nuna."

Ya duba tukunyar ya ce, "To sai ki sa mai da yaji." Daga ranar ya ce shi da dafa ɗiyan mutane har abada, kuma duk bayanin da na yi masa cewa jiƙawa aka ce ba dafawa ba, ko saurarata bai yi ba.

Ya ba akuyar Inna Tani 'ya'yan gawon ta ci, ya kwashi kashinta ya kai gona. Akuya tauna take yi ba haɗiya ba, 'yan kaɗan ne suka fito, rani ya ƙone su. Ni ma na sa hannu. Na je wurin wani mai rainon itatuwa a hanyar Zobe na ce gawo nake so, ya yi dariya ya ce wa ke sayen gawo, ga dai darbejiya da turare da mangwaro. Na sayi darbejiya, wadda shi yake kira bedi, na kai masa ina jin na yi abin kai. Ya karɓa ya yi godiya, ya dasa a ƙofar gida.

Ya ce, "Bedi ɗan gari ne, ɗiyata. In kin kai shi gona, da damana shi ka baje inuwa, hatsin da ke ƙarƙashinshi ko zangarniya ba shi yi."

Ana haka idonsa ya fara yana. Da farko ya musa, ya ce hasken rana ne ya canza. Sai da ya gaida turmi a tsakar gida da sunan Inna Tani sannan ya daina gardama, amma asibiti ya ce sai ya ga dama.

Shekara uku ke nan, wata ranar kasuwar Dutsin-Ma, na ji sallamarsa a zaure da wata murya a bayansa. Na leƙa na ga wani tsoho dogo, ya rame har malafarsa ta yi masa yawa. Ban gane shi ba sai da ya ce, "'Yar nan mai fasa tulu ce wannan?" Yero ne. Kawu ya tsince shi a kasuwar dabbobi ya zo sayar da karsana, kuma da muryarsa ya gane shi, ba da ido ba. Na kawo musu fura, na zauna daga bakin ƙofa ina jinsu. Garken da a da in ya shigo gona ba ka ganin ƙasa, yanzu bai kai goma ba. An kore masa sau biyu, an kashe ƙaninsa, 'ya'yansa sun yi kudu da abin da ya rage musu, shi yana raɓe a wani ƙauye kusa da Zobe.

Kawu ya ce, "Ka taho mani bana."

Yero ya ce, yana kiransa da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe, "Kaɗo, har yau ba ka yi hankali ba. Mutanenku za su bar ni in kwana bayan garinsu?"

"Gonata ce. Ni ba kara nike kiranka ba, bana ko karan kirki babu. Gawo nike so su ci. Biyu sunka rage mani, Yero, kuma ba su da na baya."

Yero ya daɗe yana juya ludayi a ƙwarya. Ya ce zai zo da bazara, lokacin da 'ya'yan ke zuba, amma ba zai daɗe ba.

Abin da Kawu ya sha a kan wannan zuwan, Inna Tani ce ta ba ni labari. Ya je wurin mai unguwa ya ce in aka rasa ko kaza a gari a zo a kama shi. Wasu suka daina amsa gaisuwarsa a masallaci. Wani da aka sace wa shanun huɗa ya tare shi a hanya ya gaya masa maganar da ba a gaya wa mai furfura, Kawu ya wuce abinsa, don ya san abin da ke cin mutumin. Ya bi matan da ke tsintar 'ya'yan gawo gida-gida yana roƙonsu su bar masa na bana kaɗai, ya ba su geron da shi ma bai ishe shi ba.

Yero ya zo da 'yan shanunsa. Da yake ba su da yawa ba a yi ta matsar da su ba, aka bar su wuri guda tsakanin gawon biyu. Kawu ya ɗauko gorarsa yana kaɗowa da lalube, rabin bugun a iska yake sauka, Yero na zaune yana yi masa tsiya. Na je na gan su sau ɗaya. Har belbelu biyu na gani, ban san daga inda suka ji labari ba. Na tsaya a bakin gona ina kallon tsofaffin nan biyu da 'yan ramammun shanu, sai na ji hawaye na zubo mini, don na san yadda wurin yake a da.

Kafin hadari ya fara haɗuwa Yero ya kwance. A bakin hanya ya gaya wa Kawu gaskiya: zai bi 'ya'yansa kudu, ƙafarsa ba za ta sake kawo shi ba. Kawu ya ɗora masa damin gero a kan bijimi, Yero ya sauke, Kawu ya sake ɗorawa. Suka rabu ba su gama gardamar ba.

Ruwa ya sauka. Aka shuka gero a gonar, ban da makwantar shanun da Kawu ya ce a bari, da wani yanki daga yamma da ya ware wa wake. A daidai lokacin ne aka ce ya zo a yi masa aikin ido, kuma a wannan karon ni da Inna Tani muka haɗe masa kai, don ya kai ga ba ya bambance gero da ciyawa. Ranar da maigidana ya ɗauko su daga Wurma, shi da Inna Tani, tun kafin ya zauna ya kama hannuna ya ja ni gefe, yana raɗa kamar wanda ya tsinci abin wani.

"Sun hito, Na'ima."

Na ce, "Kawu, da wane idon ka gan su?"

"Da wanga." Ya ɗaga yatsunsa. Ashe rarrafe ya yi cikin makwantar yana shafa ƙasa, yana bin kashin shanu ɗaya-ɗaya. Ya ce sun fi a ƙirga, har inda bai zata ba akwai su. "Kada ki hwaɗa ma kowa. Baki gare su mutane, kuma dama haushina suke ji. Sai sun yi ƙwari."

Haka mutanenmu suke, mace ma ba ta faɗar ciki sai ya fito da kansa. Bayan ni da Inna Tani babu wanda ya sani a duk Wurma.

Kafin ya taho ya bar sallahu ɗaya. Akwai maƙwabcinsa Mutawakkil, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ya koma sana'ar feshi. Yanzu a wajenmu feshin maganin ciyawa ya kusa korar fartanya, don 'yan ƙwadago sun watse, kuma ba mai son ya wuni a sunkuye a gona bai san wa ke tahowa ta bayansa ba. Mutum ya goya tanki ya zagaya, kafin hantsi ya dawo gida. Kawu bai taɓa son abin ba, amma ba shi da ido ba shi da mataimaki, sai ya ce wa Mutawakkil ya fesa masa yankin waken nan na yamma, ya nuna masa iyaka. Makwantar shanu kuwa ya ce a ransa in ya dawo zai nome ta da hannu, yana tsallakewa kamar yadda ya gada.

Aikin ido ya yi kyau. Likita ya ce kada ya sunkuya, kada ƙura ta shiga idon, sai bayan wasu makonni. Ya zauna a tsakar gidana da baƙin tabarau kamar direban babbar mota, yarana na yi masa dariya yana biye musu. Ban taɓa ganinsa da surutu irin na lokacin ba. Ya gane launin zanen Inna Tani, ya ce ashe duk shekarun nan da wannan take yawo ba wanda ya gaya masa. In hadari ya taso ya ce a juya masa tabarma ya fuskanci arewa, wajen Wurma. Ya tsara inda zai saro ƙayar magarya da zai zagaye su da ita da rani, da waɗanda zai bari, da waɗanda zai rage in sun yi cunkoso. Har ya ce in sun kai tsawon mutum sai a nemi lambar 'ya'yan Yero a gaya masa shanunsa sun bar aiki mai kyau.

Ranar kasuwa Mutawakkil ya zo dubiya, da 'yan goro a leda. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya yi masa barka da arziki, ya ba da labarin gari da na ruwa. Sannan ya ce aiki ya kammala, yankin wake ya yi fes, sai shuka.

Kawu ya ce, "Madalla. Allah shi biya."

Mutawakkil ya ce, "Har gyara na yi maka, Baba. Magani ya rage mani cikin tanki, na duba wurin da shanun nan sunka kwana, ciyawa ta kai gwiwa, ka san ƙarhin taki. Na ce tsohon ga da anka yi ma aikin ido, ina shi ina duƙawa nan? Sai na bi shi duka, har gindin gawon. Wanga ba sai ka biya ba, don Allah na yi."

Ina riƙe da kofin ruwa zan miƙa masa. Inna Tani ta tashi ta shige ɗaki. Ni na buɗe baki, sai na ga hannun Kawu ya ɗan ɗago daga kan gwiwarsa, na gane da ni yake. Tabarau ya rufe idonsa, ban ga abin da ke ciki ba.

Ya ce, "Yaushe ka yi?"

"An kwana biyu, Baba. Yanzu duk ta yi rawaya."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka, Mutawakkil. Allah shi ba ka masu yi maka."

Mutawakkil ya ce amin, ya sha ruwa, ya tafi yana jin daɗi. Da ya fita na ce wa Kawu wallahi sai na bi shi na gaya masa abin da ya yi.

Ya ce, "Ki ce mashi mi? Mutum ya ji tausanka, ya ba ka abin da shi ka saida, ka ce mashi ya yi ɓarna? Bai sani ba. Ni na hana a sani."

Na koma madafa na zauna, raina na tafasa, na rasa wanda zan ji wa haushi. Mutawakkil gyara ya yi, irin wadda ko mai tumatir ke yi maka a kasuwa. Kawu ya ɓoye abinsa kamar yadda kowa ke ɓoyewa. Asibitin kuma mu muka kai shi, don ya gani. Na juya abin ta kowace fuska ban samu inda zan kama ba, kuma babu abin da ya fi wannan ciwo.

Washegari ya ce a mai da shi gida, kwanakin likita ba su cika ba amma ba wanda ya iya hana shi. Na bi su. Bai shiga gida ba, daga bakin hanya ya miƙe gona. Geron da ke kewaye kore ne, makwantar shanun kuwa ta zama fili guda ruwan ƙasa, ciyawa ta kwanta. Ya cire tabarau. Na ce Kawu likita ya hana sunkuyo, ya durƙusa kamar bai ji ba, ya buɗa busasshiyar ciyawar da hannu. Suna nan a ƙarƙashi, ko'ina, kowanne bai fi tsawon yatsa ba, ganyen ya murtsuke, da ka taɓa sai ya zube. Ya bi su daga wannan gawon har zuwa wancan yana dubawa ko akwai wanda maganin ya tsallake. Shekara da shekaru bai ga abu tar ba sai ranar.

Da ya gama ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. Ya ce, "Ashe sun hi yadda na lalubo yawa."

Damina ta gaba wasu biyu sun leƙo a gefen makwantar, daga ƙwayoyin da suka makara, fara ta cinye su kafin kaka. Labarin Yero kuwa tun da ya yi kudu ba mu sake ji ba. Ɗaya daga cikin gawon biyu ya fara bushewa daga sama. Mutawakkil har yau bai sani ba, kullum ya wuce sai ya tsaya ya gaida Kawu, Kawu ya amsa da fara'a.

Rumbun gidan biyu ne, ɗaya ya daɗe babu hatsi a ciki. Yanzu kowace bazara Kawu na ɗaukar gorarsa ya kaɗo 'ya'yan gawo, ya raba biyu, ya bar wa matan nan rabi, ya zuba rabi a wannan rumbun. Inna Tani ta ce ya sayar wa masu raguna ko a samu na cefane, ya ce ajiya ce, ko Allah zai kawo mai shanu. Da na je watan jiya na ɗaga murfin na leƙa. Na ɗebo hannu guda, kusan kowace ƙwaya da ɗan ramin ƙwaro a jikinta, gari na zuba ta tsakanin yatsuna. Na mayar da sauri na rufe, na juyo ina shirya abin da zan ce masa. Yana zaune a inuwar darbejiyar da na saya masa, yana kallona.

Ya ce, "Na gani, ɗiyata. Ai yanzu ina gani."